Daga Kano zuwa Duxford: kallon gwanjon wata tsohuwar Bentley

Ɗan ƙanwata da yake aikin jinya a birnin Cambridge ne ya gayyace ni Ingila bayan an yi masa haihuwa, kuma da yake ya san bugun bodin mota da fenti ne sana'ata tun ina saurayi a Ƙofar Ruwa, sai ya daidaita lokacin zuwana da wani gwanjon tsofaffin motoci da ake yi a Duxford, wani ƙauye da ke kimanin mil 10 kudu da Cambridge. Ya turo mini hoton motar da ta fi kowacce daraja a jerin waɗanda za a sayar, wato Bentley R-Type Continental, ya rubuta a ƙasa cewa, "Kawu, wannan da hannu aka buga jikinta, ya kamata ka gan ta da idonka." Ba ni da kuɗin sayenta, ba ni ma da niyyar taya ko da fitilarta, amma na ƙudura a raina cewa sai na tsaya a gabanta na duba aikin magabata a sana'ar da nake ci da ita.

Neman biza ya ci fam ɗari da 'yan kai, a lokacin da fam ɗaya yake kusan naira 2,000, ban da kuɗin zuwa Abuja domin ɗaukar hoton yatsu. Da bizar ta fito a watan Oktoba, na shiga mota daga Kano da asuba, muka bi ta Zariya zuwa Kaduna, muna tsayawa a shingayen bincike inda ake leƙa but a tambayi direba takardu, sannan na hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu. Jirgin sama daga Abuja zuwa Heathrow ya ɗauke mu awa shida da wani abu, kuma barci ne ya cinye mafi yawansu.

Layin shige da fice a Heathrow ya yi tsawo ƙwarai, ga gajiya ga sanyin da ya fara ratsa rigata tun daga bakin jirgi. Jami'ar da ta karɓi fasfona ta tambaye ni wurin wa na zo, yaushe zan koma, da kuma wace sana'a nake yi. Na nuna mata takardar gayyata da tikitin komawa, na gaya mata ni mai gyaran jikin mota ne, kuma ina so in ga gwanjon tsofaffin motoci a Duxford. Ta ɗago kai ta dube ni, ta tambaya ko saye zan yi, na ce kallo ne ya kawo ni, ta buga hatimi ta miƙo mini fasfon. Ɗana yana jira a waje riƙe da rigar sanyi mai kauri, kuma ita ce ta cece ni a dukan zamana. Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Piccadilly har tashar King's Cross, tafiyar kusan awa guda, daga nan muka hau wani jirgin zuwa Cambridge, wanda tikitinsa ya kai kusan fam 30 ga mutum ɗaya. Da na lissafa wannan da naira sai na ga ya fi kuɗin motar Kano zuwa Abuja, alhali tafiyar ba ta cika awa ɗaya ba.

Masaukina ɗan ƙaramin ɗaki ne a gidan da suke haya, kuma surukata ta yi ƙoƙari ta riƙa yi mini tuwon shinkafa da miyar kuka da kukar da na kai musu tsaraba. Ranar Juma'a muka yi salla a babban masallacin Cambridge da ke titin Mill Road, wanda aka buɗe a 2019. Ginshiƙansa na katako ne da aka lanƙwasa suka sarƙe da juna a sama, kuma bayan sallama na daɗe ina duba yadda aka haɗa gaɓoɓinsu ba tare da an bar rata ba. A titin akwai shagunan nama na halal da gidajen abinci na Turkawa da mutanen Bangaladash, saboda haka abinci bai zama mini damuwa ba.

Ana buɗe wurin gwanjon kwana ɗaya kafin ranar ciniki domin mutane su duba motoci, don haka muka tafi da safe a motar ɗana. Abin da ya fara ɗaure mini kai a hanyar M11 shi ne tuƙi ta hannun hagu, ko da yake mu ma haka muke yi a Nijeriya har zuwa watan Afrilun 1972, lokacin da aka koma hannun dama. Babu shinge ko ɗaya a hanyar, sai kyamarori a kan turaku, kuma ɗana ya ce su direbobi suka fi jin tsoro. Duxford tsohon filin jiragen yaƙi ne tun zamanin yaƙin duniya na farko, a nan aka fara bai wa wata runduna jirgin Spitfire a 1938, kuma daga nan jirage suka riƙa tashi domin kare Ingila a 1940. Yanzu ya zama gidan tarihi, kuma a cikin ɗaya daga manyan rumfunan jiragen ake jera motocin gwanjo, kusa da inda aka ajiye jirgin Concorde na gwaji. Shiga sai da kundin gwanjo, wanda muka saya fam 20, kuma shi ne tikitin mutum biyu.

Motoci sun fi ɗari a wurin, akwai Jaguar da Aston Martin da Alvis da Rolls-Royce iri-iri, amma ban tsaya a kansu ba sai da na isa inda aka ajiye Bentley ɗin, an kewaye ta da igiya. Kalarta kore ce mai duhu, ƙofofinta biyu, kuma rufinta ya gangaro tun daga saman gilashin gaba har zuwa bamba ta baya a layi ɗaya ba tare da karyewa ba. Guda 208 kaɗai aka ƙera tsakanin 1951 da 1955, idan aka haɗa da ta gwaji wadda ma'aikata suka laƙaba wa suna Olga saboda lambarta OLG 490. A masana'antar Rolls-Royce da ke Crewe ake yin inji da shasi, domin kamfanin ya riga ya saye Bentley a 1931, sannan a kai su wurin masu gina bodi, kuma mafi yawansu kamfanin H. J. Mulliner da ke Chiswick a Landan ne ya yi musu jiki. Injiniya Ivan Evernden da mai zane John Blatchley ne suka tsara ta, aka gwada siffarta a ɗakin gwajin iska na Rolls-Royce da ke Hucknall. Burinsu shi ne mota mai ɗaukar mutum huɗu ta yi gudun mil 120 a awa, wato kusan kilomita 190, kuma da yake tayoyin wancan zamani ba za su jure irin wannan gudu da nauyi mai yawa ba, dole aka rage mata nauyi zuwa wajen kilo 1,700. Wannan ne dalilin da ya sa aka yi jikinta da alminiyam, har da bamba da firam ɗin tagogi.

Na roƙi izini a wurin ma'aikacin da ke tsaron ta, ya ɗage igiyar ya ce in shiga, amma kada in jingina. A gida maganaɗisu muke ɗorawa a jikin mota mu gane inda aka cika foti, wato ƙullin da ake cike lotsawa da shi, sai dai maganaɗisu ba ya kama alminiyam, saboda haka a irin wannan mota ido da tafin hannu ne ma'auni, ko kuma wata ƙaramar na'ura da na ga wasu suna dannawa a jikin fenti tana nuna kaurinsa. Na durƙusa daidai fitilar baya na hango tsawon gefenta a cikin hasken da ke shigowa ta ƙofar rumfar, ina neman inda inuwa za ta karkace, ban samu ba. Na buɗe ƙofar direba na rufe da yatsa biyu, ta zauna da sauti ɗaya mai taushi, kuma ratar da ke tsakaninta da bodi daidai take daga sama har ƙasa. Ƙofar mota mai tsawo irin wannan ita ce ke fara tona asirin shekaru, domin nauyinta yakan sa ta sauka, amma wannan ba ta sauka ko kaɗan ba.

Ina cikin wannan ne wani dattijon Bature mai farin gashi da tabon ƙuna a bayan hannu ya matso ya tambaye ni ko ni ma'aikacin ƙarfe ne, domin ya ce ya ga yadda nake shafa ta da bayan yatsu. Ɗana ya taimaka da fassara inda Turancina ya gaza. Ashe shi ma bugun bodi ya yi har ya yi ritaya, kuma wani mai niyyar saye ne ya ɗauko shi ya duba masa motar. Ya ba ni ƙaramar tocila, ya nuna mini in leƙa ta cikin madigadin baya. Daga waje madigadin kamar falle ɗaya ne, amma daga ciki na ga sawun walda siriri yana bin lanƙwasa, alamar cewa guntaye da yawa aka haɗa. Ya bayyana mini cewa ana murza kowane guntu a tsakanin faifan ƙarfe biyu na wata na'ura, mutum biyu suna turawa suna jawowa har ya ɗauki siffa, a riƙa gwada shi a kan samfurin jikin motar da aka yi da katako, sannan a haɗa da waldar gas a daddake wurin haɗin har ya ɓace. Duk wanda ya taɓa sa wa alminiyam wuta ya san wahalar wannan aiki, domin ba ya yin ja kamar baƙin ƙarfe ya gargaɗe ka, sai dai kawai ka ga ya narke ya zube. Na tsaya ina kallon wannan sawun walda na shekara saba'in, kuma na ji girman mutumin da ya yi shi ya cika mini zuciya, ko da yake babu sunansa a ko'ina a jikin motar. Dattijon ya kuma nuna mini wuraren da alminiyam ya haɗu da baƙin ƙarfe, inda danshi yakan sa ya ci ya zama farin gari ya kumbura fenti, muka bi su ɗaya bayan ɗaya muka tarar da su a bushe.

Da aka ɗaga bonet, na ga inji mai silinda 6 a jere da kabureta biyu ƙirar kamfanin SU. Na farkon ƙira suna da girman lita 4.6, daga 1954 aka ƙara shi zuwa lita 4.9. Ma'aikacin ya tayar da shi a sanyi, ya kama nan take, kuma sai da na matsa kusa sannan na ji ƙararsa sosai. A ciki, sandar giya tana hannun dama na direba, tsakanin kujera da ƙofa, abin da ban taɓa gani ba a duk motocin da suka ratsa garejina. Akwai kuma wata feda a ƙarƙashin dashbod wadda idan direba ya taka sau ɗaya take tura mai ta siraran bututu zuwa gaɓoɓin shasi, maimakon a bi su da girisi ɗaya-ɗaya. Fatar kujerun ta yi layi-layi na tsufa amma ba ta yage ba, kuma dattijon ya ce masu saye sun fi son ta a haka a kan a sake ta da sabuwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa ba a jikin motar yake ba, yana kan wani tebur ne a ofishin wucin gadi na masu gwanjo. Ana ba da lambar mota a miƙo wa mutum fayil ɗinta, kuma na Bentley ɗin manyan fayiloli ne masu nauyi. A farko akwai kwafin katin masana'anta, wanda ƙungiyar masu sha'awar Rolls-Royce take adana irinsa, kuma a cikinsa aka rubuta lambar shasi da lambar inji da kalar fenti da ta fata da sunan wanda ya fara saye. Dattijon ya kwafi lambobin a takarda, muka koma muka gwada su da waɗanda aka buga a jikin injin da shasin, suka dace. Bayan katin sai tsohon littafin rajista mai ɗauke da sunayen waɗanda suka mallake ta bi da bi, sai takardun gwajin lafiyar mota na shekara-shekara da ke nuna yawan mil ɗin da ta yi, sai rasidai ɗaruruwa a jere bisa kwanan wata. Na ga rasidin sauya baƙin mai, da na gyaran lagireto, da na sake lainin birki, da hotunan lokacin da aka kankare fentinta har zuwa farin alminiyam kafin a sake fesa ta. Wani mai ita ma ya riƙe ƙaramin littafi yana rubuta kowace doguwar tafiya da fetur ɗin da ta sha.

Na zauna a kan wannan fayil na daɗe, ina tuna motocin da suka lalace a idona. Hannu muna da shi, domin a Ƙofar Ruwa akwai yaran da za su miƙe madigadin da Bature zai ce a jefar, kuma akwai kanikawan da suka riƙe Peugeot 504 tana aiki shekaru talatin da kayan gyaran da suka ƙirƙira da kansu. Amma mota takan shigo gareji ba wanda ya san abin da aka yi mata a baya, a sauya inji ba a rubuta ba, a yi mata aiki mai kyau ko mara kyau duk su tafi ba shaida, kuma ranar da mai ita ya rasu sai a kafe ta a bayan gida rana da damina su gama da ita. Tsofaffin motocin sarakuna da na attajiran farko da yawa haka suka ƙare, in ban da kaɗan irin tsohuwar Rolls-Royce ta fadar Kano da ta sami masu kula. A ganina ba kyawun ƙira kaɗai ya kawo wannan Bentley zuwa yau ba. Mutane ne daban-daban, waɗanda ba su san juna ba, kowa ya karɓe ta ya biya kuɗin kula da ita, ya ajiye takarda, ya miƙa wa na gaba. Dokar ƙasar ma tana taimaka musu, domin motar da ta haura shekara 40 ana iya yi mata rajistar tarihi a yafe mata harajin hanya.

Da rana muka ci kifi da soyayyen dankali a kantin gidan tarihin, fam 13 kowane faranti, shayi kuma fam 3, muka yi sallar azahar da la'asar a gefen motarmu a kan ciyawa mai jiƙa, iska mai sanyi tana kaɗa mu.

Washegari aka yi cinikin. Duk mai son taya sai ya yi rajista da katin shaida da bayanin banki a ba shi kati mai lamba, mu kuwa 'yan kallo muka sami kujeru a baya. Mai gwanjon yana tsaye a kan dandamali da ƙaramar guduma, gefensa akwai jerin ma'aikata riƙe da wayoyi suna karɓar tayin mutanen da ba su zo ba, wani kuma yana kallon kwamfuta yana ɗaga hannu idan tayi ya shigo ta intanet, allo yana nuna farashi da fam da yuro da dala. Na saba da cinikin kasuwar shanu ta Wudil, inda murya da rantsuwa da jan hannu suke cikin ciniki, amma a nan mutum yakan ƙara fam dubu goma da gyaɗa kai kawai, har sai ka lura sosai kafin ka gane wanda ya taya. Kowace mota ba ta wuce minti biyu ko uku. Kuɗin da aka buga guduma a kansa kuma ba shi ne ƙarshe ba, domin mai saye yana biyan la'adar kamfani, wadda takan kama daga kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari, a ɗora harajin VAT na kashi 20 a kan la'adar, kuma motar a yadda aka gan ta ake sayar da ita, ba a mayarwa.

Da aka zo kan Bentley ɗin, waɗanda suka fita shan shayi suka dawo, wurin ya cika. Mai gwanjon ya karanta tarihinta a taƙaice, kuma na lura bai yi dogon yabo a kan kyawunta ba, abin da ya nanata shi ne lambobinta sun dace da katin masana'anta kuma takardunta ba su yanke ba. Tayi ya fara da mutum huɗu ko biyar, ya yi ta hawa da sauri, sannan ya rage tsakanin wani mutum a waya da wanda dattijon nan yake zaune kusa da shi. Da ya haura fam dubu 500 na yi lissafi a raina na ga an wuce naira biliyan ɗaya. Daga nan abin ya yi sanyi, mai gwanjon ya rage yawan ƙarin da yake nema, na wayar ya ƙara sau ɗaya, abokin dattijon ya ƙara, ma'aikaciyar da ke riƙe da wayar ta girgiza kai. Na zaci an gama, sai mai gwanjon ya sanar cewa tayin bai kai mafi ƙarancin kuɗin da mai motar ya gindaya a asirce ba, saboda haka za a riƙe shi a kai masa, ko ya sallama ko ya ce albarka. Ba a tafa ba, aka kira mota ta gaba.

Mun haɗu da dattijon a bakin ƙofa muna fita. Ya ce yanzu kasuwar irin waɗannan motoci ta ɗan ja baya, domin waɗanda suka taso suna mafarkinsu suna tsufa, matasa masu kuɗi kuma sun fi son motocin zamaninsu, amma yana sa ran za a daidaita kafin dare, tun da ratar ba ta da yawa. Ya tambaye ni ko ana iya kai irinta Nijeriya, na gaya masa cewa dokarmu ta hana shigo da mota mai sitiyari a dama da kuma wadda ta wuce wasu shekaru, ban da zafin rana da ƙura da za su wahalar da fata da katako. Muka yi musabaha, ya riƙe hannuna ya juya shi ya duba kantar guduma a tafina, ya nuna mini tasa. Kashegari ɗana ya duba sakamakon gwanjon ya gaya mini cewa mai motar ya sallama.

Sauran zamana na yi shi ne tare da jaririn da iyayensa, sai wata rana da muka shiga Landan na sayo gudumomin bodi guda biyu da ƙarafan dako masu siffa daban-daban, waɗanda suka ci mini kusan fam 90 kuma suka sa sai da na rage tsarabar tufafi domin kada jakata ta wuce kilo. A filin jirgin Abuja jami'in kwastan ya buɗe jakar, ya ɗaga gudumomin ya tambayi amfaninsu, na ce kayan sana'a ne, ya ga kundin gwanjon ya buɗe shafin Bentley ɗin ya tambaye ni nawa aka sayar da ita. Na gaya masa da naira, ya kira abokin aikinsa ya nuna masa hoton, sannan ya rufe jakar ya ce in wuce. Na kwana a Abuja a gidan wani ɗan'uwa, da safe na kama hanyar Kano.